Yadda Ake Canza Fulogi da Wayoyinsa a Motar Gudu

Injin motar gudu yana juyawa da sauri fiye da na motar gida, yana matse iska da fetur da ƙarfi, kuma zafin da ke taruwa a ƙarƙashin bonet ɗinsa ya fi yawa. Duk wannan a kan fulogi da wayoyinsa yake ƙarewa. Kwayil yana ɗaga wutar batir mai volt 12 ya mayar da ita volt dubu 20 zuwa dubu 40, waya ta ɗauko ta, fulogi ya sake ta a matsayin tartsatsi a cikin silinda. Idan matsin da ke cikin silinda ya ƙaru, wutar da ake buƙata kafin tartsatsin ya tsallaka tazarar fulogi ita ma tana ƙaruwa. Shi ya sa mota mai gajiyayyen fulogi za ta iya yin silo lafiya lau, amma da ka taka totur a kan hawa sai ta fara misin, tana fizga, tana tari. A yawancin motocin da aka ƙera daga 1996 zuwa yau, na'urar bincike takan nuna lambar P0300 idan misin ɗin yana yawo ne tsakanin silindoji, ko P0301, P0302 da sauransu, inda lambar ƙarshe take faɗa maka silindar da ke da matsala. Idan kuwa fitilar injin tana kiftawa ne ba a tsaye take ba, ɗanyen fetur ne ke gangarawa cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi, kuma bai kamata a ci gaba da tuƙi haka ba.

Aikin kansa ba shi da wahalar fahimta. Abu biyu ne kawai ke mayar da shi asara: lalata zaren ramin fulogi da ke jikin kan injin, wanda a yawancin waɗannan motoci na alminiyon ne mai laushi, da kuma rikita jerin wayoyi. Kusan duk matakan da ke tafe kariya ce daga waɗannan biyun.

Ka san motarka kafin ka sayi komai

Ba kowace motar gudu ce ke da wayoyin fulogi ba. Sababbi da yawa, irin su Nissan 350Z da Toyota 86, kowane fulogi da kwayil ɗinsa a zaune a kansa kai tsaye, don haka abin da za ka duba shi ne hular robar da ke gindin kwayil ɗin. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, wayoyi huɗu gare ta da ke fitowa daga kwayil biyu a bayan injin. Corvette daga 1997, mai injin LS1, kowace silinda da kwayil ɗinta a kan murfin bawul, sai gajeriyar waya ta haɗa shi da fulogi. Porsche 911 ƙirar 964 mai injin lita 3.6 fulogi biyu take da su a kowace silinda, goma sha biyu ke nan. Mazda RX-7 da RX-8 masu injin rotari, wanda rota ke juyawa a cikinsa a maimakon fistin, su ma biyu-biyu ne a kowane rota, kuma ba iri ɗaya ba ne: akwai na ƙasa mai alamar L da na sama mai alamar T, ba a musanya su.

Lambar fulogin da kamfanin motar ya rubuta a littafinta ita ce abin bi. A cikin lambar nan akwai kaurin zare, da tsawonsa, da irin mazaunin fulogin, da kuma matakin zafinsa. Tsawon zare ba abin wasa ba ne: akwai mai milimita 19, akwai mai 26.5, kuma idan ka cusa dogo a ramin gajere fistin zai iya dukansa. Matakin zafi shi ne saurin da fulogi yake zubar da zafin bakinsa zuwa kan injin. Ana so bakin ya riƙa zama tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyos. Ƙasa da haka baƙin hayaƙi zai taru a kansa, sama da haka kuma shi da kansa zai riƙa kunna fetur tun kafin tartsatsi ya zo, abin da ke huda fistin. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan lissafin ba. A wajen NGK da Denso, babbar lamba tana nufin fulogi mai saurin zubar da zafi. A wajen Bosch da Champion akasin haka ne. Idan injinka yana nan yadda aka ƙera shi, kada ka taɓa matakin zafi. Wanda ya ƙara wa injinsa tabo (turbo, na'urar da ke ƙara cusa iska cikin injin) ko ya ɗaga matsinsa ne ke da dalilin komawa mataki ɗaya zuwa mai sanyi, wato mai saurin zubar da zafi, shi ma da shawarar wanda ya saita masa kwamfutar injin.

Batun ƙarfen baki kuwa, iridiyom da filatinom ba sa ƙara wa lafiyayyen injin ƙarfi, daɗewa suke yi. Fulogin nikel na gargajiya yakan nemi canji a wajen kilomita dubu 30, na iridiyom kuma a wasu motoci yakan haura dubu 100, ko da yake masu tabo sukan cinye shi kafin nan. Ka saya a wurin da ka amince da shi, domin jabun fulogi masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni sun yi yawa, kuma tsinken ƙarfen da ke tsakiyar bakin jabu yana iya narkewa ya faɗa cikin silinda.

Wayoyi kuma ka nemi saitin da aka yanka daidai da motarka, masu hana hayaniyar lantarki. Wayar da cikinta jan ƙarfe ne zalla ta dace da tsohuwar motar tsere mai kafireto, amma a mota mai kwamfuta tana rikita na'urori da rediyo.

Kayan aiki ba su da yawa: soket na fulogi mai roba ko maganaɗisu a ciki, yawanci milimita 16, wasu tsofaffi 21, wasu sababbi kuma 14 mai siririn jiki, rachet da sandunan ƙari gajere da dogo, da gaɓa mai lanƙwasa don kusurwa, sifana mai awon ɗauri, filla geji na auna tazarar fulogi, iskar kwamfaresa ko ta gwangwani, giris na silikon da ake sa wa hular waya, guntun tiyo na roba wanda bakin fulogi zai shige shi tsam, tef da alƙalami, da tocila.

Kafin ka kwance

Ka bar injin ya huce sarai, in da hali ya kwana. Alminiyon yana buɗewa da zafi fiye da ƙarfen fulogi, kuma yana ƙara laushi, don haka kwance fulogi a injin mai zafi hanya ce ta fito da shi tare da zaren ramin. Ka cire makulli, ka cire wayar batir ta nagetif. Sannan ka ɗauki hotuna da wayarka ta hannu daga kowane gefe: inda kowace waya ta fito, inda ta bi, wane maƙali ya riƙe ta, ina ta gitta wata. Ka naɗa wa kowace tef ka rubuta lambar silindarta a bakin nan biyu.

Samun hanya zuwa fulogin shi ne rabin aikin a motar gudu, saboda an cusa babban injin a ƙaramin wuri. A MX-5 kana buɗe bonet ga su nan a jere a tsakiyar murfin bawul. A Porsche Boxster, da injinta ke tsakiyar mota, sai ka ɗaga ta ka cire tayoyin baya ka shiga ta gefe. A Toyota 86 da tagwayenta Subaru BRZ silindojin a kwance suke suna fuskantar ƙarfen jikin mota, har littafin kamfani yana cewa a ɗan ɗaga injin. Duk inda aka ce a ɗaga mota, a kan ƙafafun ƙarfe za ta zauna, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Idan akwai bututun iska ko murfin roba da ya tare hanya, cire shi ya fi ka yi ta lanƙwasa hannu kana aiki a makance.

Fulogi, ɗaya bayan ɗaya

Silinda ɗaya za ka gama gaba ɗaya kafin ka taɓa ta gaba. Ka kama hular waya, ba wayar kanta ba, ka murɗa ta hagu da dama har ta saki tangaran ɗin fulogi, sannan ka ja ta a miƙe. Idan kwayil ne a kan fulogi, ka zare soket ɗin lantarkinsa a hankali, domin robar maƙalinsa takan bushe ta karye, ka kwance notin da ya riƙe shi ka zaro shi.

Ka haska ramin. Idan ka ga baƙin mai ya kwanta a ciki, gasket ɗin murfin bawul ko zoben robar ramin ne ke yoyo. Man nan yana cin hular waya, kuma sabuwar ma zai cinye ta idan ba a gyara ba. Ka tsane shi da tsumma kafin ka ci gaba. Ka hura iska ka kore yashi da ƙura. Ka sassauta fulogin kamar juyi ɗaya, ka sake hurawa, domin dattin da ya manne a gindinsa a lokacin ne yake saki, kuma duk abin da ya rage a ramin cikin silinda zai faɗa.

Idan fulogin ya cije, kada ka nemo dogon bututu ka ƙara wa rachet. Ka fesa man sassauta tsatsa kaɗan, ka ba shi lokaci ya ratsa, sannan ka riƙa kwancewa rubu'in juyi kana mayarwa, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ka tabbata soket ya zauna a miƙe, don idan ya karkace tangaran zai fashe. Masu Ford Mustang GT na 2005 zuwa 2008, mai injin lita 4.6 da bawul uku, su yi hattara na musamman: fulogin asali na wannan injin haɗin gida biyu ne, ya shahara da karyewa a rami, har akwai kayan aiki na musamman da aka ƙera don zaro guntun.

Kada ka jefar da tsohon da ya fito. Ka jera su bisa lambar silinda, domin su ne kaɗai shaidar abin da ke faruwa a cikin injin da za ka samu ba tare da ka buɗe shi ba. Baki mai launin toka-toka ko ƙasa-ƙasa mai haske yana nuna ƙuna mai kyau. Baƙi busasshe mai gari yana nuna fetur ya yi yawa, ko tartsatsi ya yi rauni, ko kuma motar gajerun tafiye-tafiye kawai take yi ba ta samun zafi. Baƙi mai maiƙo a bakin da ke cikin silinda baƙin mai ne ke shiga ta zoben fistin ko robar bawul, kuma sabon fulogi ba zai warkar da shi ba. Fari fat mai ƙuraje ko narkakken tsinke alama ce ta zafi ya wuce kima, a binciki dalili kafin a sake taka motar. Abin da ya fi ba da labari shi ne bambanci: idan biyar sun yi kama ɗaya ya fita daban, wannan silindar ce abin bincike. A jikin tangaran na waje kuma, jan tabo mai ruwan ƙasa da ke zagaye gindinsa ba komai ba ne, ƙura ce da wuta ta ja ta manne. Amma siririn baƙin layi da ya gangaro daga sama zuwa ƙasa, wanda ba ya goguwa, hanya ce da wuta ta haƙa tana gudu ta waje. Irin wannan layin yana nan a cikin hular ma, kuma idan ka mayar da tsohuwar hula a kan sabon fulogi za ta koya masa hanyar.

Ka ɗora sabon kusa da tsohon ka gwada tsawon zare da mazauni. Sannan ka auna tazara. Yawancin injuna suna tsakanin milimita 0.7 zuwa 1.1, MX-5 ta farko tana son 1.0 zuwa 1.1, masu tabo kuma sukan so ƙasa da haka saboda matsi. Ko an rubuta a kwali cewa an riga an saita, ka auna, domin kwali yana faɗuwa a hanya. Filla geji ya shige da ɗan ja kaɗan. In za ka gyara, ƙugiyar gefe kaɗai ake lanƙwasawa, ba a dogara da tsinken tsakiya. Tsinken iridiyom siriri ne, wani bai kai milimita ɗaya ba, taɓawa kaɗan ke karya shi. Fulogi mai ƙugiya biyu ko fiye ba a gyara masa tazara.

Game da shafa man hana cijewa a zare, bakanikai sun rabu biyu, amma ni ina tare da masu barin zaren a bushe. NGK ta bayyana cewa fuloginta masu zare mai sheƙi an riga an yi musu rufin da ke hana cijewa, kuma man yana iya canza awon ɗauri har da kashi 20 cikin ɗari. Ma'ana sifanarka za ta nuna daidai alhali ka wuce gona da iri. Sai dai in littafin motarka ne da kansa ya ce a shafa.

Yanzu matakin da ya fi kowanne. Ka cusa kan fulogin a cikin guntun tiyon nan, ka zura shi a ramin a hankali ba tare da ka sake shi ya faɗa ba, don faɗuwa tana rufe tazara. Ka murɗa tiyon da yatsu. Wasu sukan fara juyawa baya kaɗan har su ji zaren ya faɗa mazauninsa, sannan su yi gaba. Idan zare ya hau daidai, fulogin zai yi ta tafiya da sauƙi har ya zauna. Idan ya hau a karkace, tiyon zai zame a kan tangaran kafin a yi ɓarna, kuma amfaninsa ke nan. Da ka ji tauri a juyi na farko ko na biyu, ka fito da shi ka sake. Rachet ba ya taɓa fulogi sai yatsu sun kai shi ƙarshe. Wanda ya tilasta shi zai ƙare da sa wa ramin sabon zaren ƙarfe, wani lokaci ma sai an sauke kan injin.

Sai ɗauri. Adadin da ke littafin motarka shi ne gaba. In babu, abin da aka saba a kan alminiyon ga fulogi mai washa shi ne Nm 25 zuwa 30 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne a sifana mai awo) ga zare mai kaurin milimita 14, Nm 15 zuwa 20 ga mai 12, da Nm 10 zuwa 12 ga mai 10. Idan wurin ya ƙi karɓar sifana mai awo, sabon fulogi mai washa da zare 14 ana ƙara masa rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku na juyi bayan ya zauna da hannu. Za ka ji washar tana matsewa sannan ta tsaya. Wanda ba shi da washa, mai tsukakken gindi, kashi ɗaya cikin 16 na juyi kawai yake so. Sako-sako ma illa ne, domin ta mazauninsa fulogi yake zubar da zafi, kuma wanda bai zauna ba zai yi zafi ya riƙa girgiza har ya ci zaren.

Wayoyi

Ka baje sababbin ka jera su daga gajere zuwa dogo. Ka cire tsohuwa ɗaya tak, ka nemo mai tsawonta, ka bi da ita ta hanyar da tsohuwar ta bi, ka sa ta a duk maƙalan da ta fito. Ka laƙaci giris na silikon ɗan kaɗan ka shafa a bangon cikin hula, ba a kan ƙarfen da ke kama fulogi ba, domin giris ɗin ba ya wuce da wuta. Aikinsa hana danshi da hana roba mannewa. Ka danna hular har ka ji ƙas, ka ɗan ja ta ka tabbata ta kama. Haka a ɗaya bakin, wajen kwayil ko distiributa, wato na'urar da ke raba wa wayoyi wuta a tsofaffin motoci. A rami mai zurfi iska takan maƙale a cikin hula ta turo ta waje, don haka bayan ka gama duka ka sake bi ka danna kowace.

In an yi rashin sa'a wayoyin sun cakuɗe, jerin tashin wuta ne zai fitar da kai. Yawancin injuna masu silinda huɗu a jere, har da MX-5, 1-3-4-2 ne, kuma a mai kwayil biyu, ɗaya yana ba 1 da 4, ɗayan 2 da 3. Porsche 911 mai silinda shida 1-6-2-4-3-5 ne. Tsohon injin Chevrolet mai silinda takwas 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, na LS kuma 1-8-7-2-6-5-4-3. Sai dai jerin ba ya amfani idan ba ka san yadda aka lissafa silindojin ba. Chevrolet tana sa 1, 3, 5, 7 a gefen hagu idan kana zaune a kujerar direba, 2, 4, 6, 8 a dama. Ford kuwa 1 zuwa 4 a dama, 5 zuwa 8 a hagu.

Hanyar da waya ta bi ba ado ba ne. Wayoyi biyu da suka yi doguwar tafiya manne da juna, wutar ɗaya tana iya tayar da wuta a ɗayar. A tsohon injin Chevrolet, silinda 5 da 7 maƙwabta ne kuma a jere suke tashi, don haka idan wutar 5 ta tsallaka zuwa 7 za ta kunna ta tun fistin bai iso ba. Ana raba su, in dole su haɗu su gitta juna su wuce. Kada ka ɗaure wayoyi dami guda don su yi kyan gani. Ka nisanta su da bututun hayaƙi, da bel, da duk wani kaifin ƙarfe. Idan tsofaffin huluna suna da garkuwar ƙarfe ta kare zafi, kamar yadda ake samu a injunan LS, ka zare ta ka mayar a kan sababbin. Mota mai distiributa kuma, tun da hannunka na wurin, ka buɗe murfinta ka duba tsagewa da ƙonewar ƙarafan ciki da kan rota.

Mai shakkar ko tsofaffin wayoyinsa sun mutu yana iya auna su da mita a ma'aunin om. Adadin ya danganta da irin wayar, don haka kwatantawa ta fi: doguwa ta fi gajeriya juriya daidai gwargwado, kuma wadda ta fita daga sahu, ko allurar mita ta yi tsalle idan ka lanƙwasa ta, ta karye a ciki.

Tayarwa da gwaji

Ka mayar da duk abin da ka cire, ka duba bututun iska da ƙananan tiyo da soket na na'urori, ka ƙirga kayan aikinka, ka haɗa batir. Injin ya kamata ya tashi nan take ya zauna a silo. Wasu motoci sukan ɗan yi sama da ƙasa na mintuna kaɗan bayan an cire batir, kwamfuta ce ke sake daidaita kanta. Amma idan yana girgiza sosai ko yana harbi ta salansa ko ta bututun iska, ka kashe shi, kusan kullum wayoyi biyu ne suka musanya ko wata hula ba ta zauna ba. Ƙara mai kama da tis-tis da ke bin juyin injin tana nuna fulogin da bai ɗauru ba. Kada ka taɓa waya injin na aiki, musamman idan kana da na'urar bugun zuciya a jikinka.

Da dare, a wuri mai iska, ka bar injin a silo ka kashe fitilu, ka fesa ruwa siriri a kan wayoyin daga nesa. Shuɗin tartsatsi da ke tsalle zuwa ƙarfe yana nuna inda wuta ke zuba. Bayan haka ka goge tsofaffin lambobin matsala da na'urar bincike, ka fita da motar har ta yi zafi, ka sa babban giya a ƙaramin gudu ka taka totur a hankali har ƙasa, domin a nan ne tartsatsi ya fi shan wahala. Idan misin ya dawo a silinda ɗaya, ka musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta a motar da hakan zai yiwu: in lambar matsalar ta bi kwayil ɗin zuwa sabon wuri, shi ne mai laifi; in ta tsaya inda take, sai a juya ga injekta da awon matsin silindar.